Sista da Mai Jegon Cikin Gilashi

Sista ake ce mata har yau, ko da yake ta daɗe da ajiye farin kaya. Ungozoma ce a asibiti tun tana budurwa har furfura ta rufe mata kai, kuma rabin matasan unguwar a hannunta suka yi kukan farko. Ba ta da wasa. In ta shiga ɗakin haihuwa, miji ya kama gabansa, uwar miji ta nemi benci ta zauna. Amma faɗan na baki ne. Ita kanta wabi ta yi, ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, kafin Allah ya bar mata 'ya mace tilo. Shi ya sa ko bakwaini aka fidda rai da shi, ita ba ta fidda ba.

Abin da ya raba ta da aiki rawar hannu ce. Ba a jima ba mijinta ya rasu, gida ya yi mata faɗi, hawan jini ya sa ta gaba. 'Yar tata, wadda ke koyarwa a makaranta kuma take aure a can ƙarshen gari, ta ji an ce kallon kifi yana kwantar da hankali. Sai ta sayo mata ɗan akwatin gilashi, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, aka ɗora a kan tebur kusa da taga.

Mai shagon kifi da kansa ya zo ya haɗa. Ya zuba tsakuwa, ya dasa ciyawa, ya jona famfon da ke ɓulɓulo iska. Sannan ya saki 'yan kifaye shida masu jela kamar mafici, da wani guda ɗaya da ya fi su girma, mai faɗi kamar ganye, yana tafe a hankali kowa na ba shi hanya. Nan take Sista ta sa masa suna Babban Likita.

"Sista, akwatin nan ƙarami ne," in ji mai shagon. "Abin da na zuba shi ne daidai cikinsa. Kada a ƙara, kuma kada a cire babban nan."

"Ni da na karɓi haihuwar 'ya'yanka duka, yau ni kake koya wa kula da rai?"

Ya yi dariya ya tattara kayansa.

A cikin ƙananan akwai wata mace mai ruwan toka, ba ta da wani kyau, amma ita ce ke zuwa bakin gilashi duk lokacin da Sista ta sa yatsa. Da cikinta ya fara fitowa, ido na ungozoma bai ɓata ba. Irin kifin nan ba ƙwai yake yi ba, haihuwa yake yi. Sista ta jawo kujera, ta sa tabarau, ta zauna jiran naƙuda kamar da. Rabonta da jin daɗi irin wannan tun tana bakin aiki.

Da hantsi aka fara. Ɗa ya faɗo, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya miƙe ya fara iyo. Sista ta ce masha Allah. Kafin ta rufe baki Babban Likita ya matso cikin natsuwarsa ya haɗiye shi. Na biyu ma haka.

Ba ta san lokacin da ta ɗauko 'yar ragar tsamo kifi ba. Da hannunta mai rawa ta kamo shi, ta jefa a bokiti, ta kai shi bayan ƙofar kicin. "Azzalumi," ta ce masa. Tun daga ranar ya zama ɗan kurkuku, ana ba shi abinci ba a yi masa magana. Ita kuwa mai ruwan toka ta samu suna Mai Jego.

'Ya'yan suka rayu, suka girma, su ma suka fara haihuwa. Mai Jego ba ta huta ba, duk wata sai ta sauka. Da farko abin alfahari ne. Sista ta raba wa maƙwabta a kwalabe, ta ba mai kanti, ta ba matar mai gyaran wuta. Daga baya mutane suka fara sauya hanya in sun hango ta da kwalba. Ta ware mazan ta zuba a robar wanki, tana ganin ta yi maganin abin. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, matan suka ci gaba da haihuwa ba namiji a kusa.

"Wannan da a asibiti ne sai an kira dangi an yi zama," ta gaya wa 'yarta. Suka yi dariya, amma dariyar Sista ba ta kai ciki ba.

Ruwan ya fara yin hazo. Ta sauya shi yau, jibi ya koma. Falo ya ɗauki ƙarni. Kifaye suka cika akwatin har ba a ganin ciyawa, suna taruwa a sama suna buɗe baki kamar masu asma. Kowace safiya sai ta tsamo gawa biyu ko uku, ta naɗe a takarda, ta rasa inda za ta sa kanta. Abin da aka kawo don ya saukar mata da jini shi ya hana ta cin abinci.

Sai Mai Jego ta daina zuwa bakin gilashi. Ta kwanta a ƙasa kan tsakuwa, jela a tsuke, ga kuma wani cikin. Sista ta san wannan kwanciyar. Ta sha ganinta a kan gadon asibiti, kuma tsoro ya kama ta sosai.

'Yarta ta ɗauko mai shagon. Ya duba, ya girgiza kai, bai ce ai na faɗa ba, don yana da kunya.

"Iskar ruwan ba ta isarsu, Sista, ƙazantarsu kuma ta fi ƙarfin famfon. Sai an kwashe a bar kaɗan. Sannan a maido da babban, in ba haka ba wata biyu mun dawo nan."

"Waɗanda za ka kwashe, ina za ka kai su?"

"Masu kyau zan sayar."

"Sauran fa?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai manyan kifaye a shago. Su ma sai sun ci."

Ta ce ya fita mata daga gida. Ya fita ya tsaya a ƙofa, 'yar ta ce ya ɗan jira.

"Mama, ke fa kika sha gaya mana ba kowa ake iya ceta ba."

"Faɗi kawai nake yi don dangi su samu na riƙewa. Ban taɓa yarda da maganar ba."

"To ki dubi Mai Jego. Ba za ta kai jibi a ruwan nan ba. Garin neman gira za ki rasa ido."

Sista ta daɗe tana kallon Mai Jego, tana ƙirga numfashinta da ido kamar yadda ta saba. Ta ji haushin 'yarta, ta ji haushin mai shagon, ta fi jin haushin kanta. Daga ƙarshe ta ce a kira shi.

Ya kwashe su raga bayan raga cikin leda. Aka sauya ruwa. Da aka zo kan Babban Likita, ta ce kowa ya bari. Ita ta je bayan ƙofar kicin ta ɗauko bokitin. Ya rame, launinsa ya dusashe. Ta sake shi a hankali, ya laɓe a kusurwa, sannan ya fara zagaye yadda ya saba.

Bayan kwana biyu Mai Jego ta tashi daga tsakuwa. Ta ci abinci, ta zo bakin gilashi. Ranar Asabar da rana, 'yar tana gidan, naƙuda ta zo. Sista ta sa tabarau ta jawo kujera. Babban Likita ya matso ya tsaya daga gefe.

"Mama, taso mu je kicin. Ba sai kin gani ba."

"Je ki ke. Ba a barin mai naƙuda ita kaɗai."

Ragar tana nan a kan tebur, kusa da gwiwar hannunta. Ta dube ta, ta miƙa wa 'yarta ta ce ta tafi da ita. Sannan ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su. Na farko ya faɗo, ya miƙe, ya fara iyo.

"Sannu," ta ce wa Mai Jego. "Sannu, ina nan."