Kukan jaririn da na sayar da akuya

Sai da haƙorana suka zube na koyi riƙe alƙalami, don haka in kun ga baƙaƙen sun karkace, ku yi haƙuri ku karanta. Ku yara masu karatu nake wa magana.

Ni ungozoma ce a wani ƙauye kusa da Tofa. Rabin mutanen garin ni na yanke musu cibiya. Ba ni da yunwa, ba ni da tsiraici, kwaɗayi ne kawai. Da ƙwarya na fara, in an tafi wanka in sa ta a zane. Daga nan sai zaren mai jego, sai mundaye. Wa zai zargi Inna?

Wata damina Kande ta yi naƙuda, mijinta bai fi wata uku da rasuwa ba. Namiji ta haifa. Ya yi kuka, ya koma. Ita kuwa ta suma, ba ta ji komai ba. Ni da wata tsohuwa maƙwabciyarta ne kaɗai a ɗakin. Liman ya aiko ya ce, ya yi kuka? Na ce ya yi. Aka yi masa wanka da salla aka kai shi.

To ga abin da shari'a ta ce: jariri in ya yi kuka, rayayye ne, ya ci gadon ubansa, uwarsa kuma ta gaje shi. In bai yi ba, babu. Tanko, wan mijin Kande, ya san haka, kuma idonsa na kan gonar bakin fadama. Ya zo mini da akuya da turmin zane. Ya ce, "Inna, kunnen tsufa ai ba abin yarda ba ne." Na ce, "Ɗaure ta can gindin ɗorawa."

Tanko ya ce yaron bai yi kuka ba, ya riƙe gonar. Uban Kande ya kai ƙara birni. Alƙali ya ce mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma abin da maza ba sa gani, mata biyu sun isa. Tsohuwar ta ce ta ji kuka. Saura ɗaya. Aka juyo gare ni, na ce ko uffan bai yi ba.

Alƙalin nan bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Tanko, "An sallaci yaron?" Tanko ya ce, "Ƙwarai, Allah gafarta malam, ni ne ma a sahun gaba." Alƙali ya ce, "Ai wanda bai yi kuka ba, ba a sallatarsa. A kirawo limamin, mu ji wa ya gaya masa."

Kwana biyu liman ya iso. Ban jira ya gama ba na faɗi gaskiya, har akuyar. Aka yi mini bulala, aka zaga da ni kasuwa ana shela a san fuskata, aka sa mini mari a ƙafa aka tsare ni. Alƙali ya ce ba a ƙara karɓar shaidata. Kande ta sami rabonta, har da gonar.

Da aka sako ni babu mai kirana haihuwa. Na tuba, na zauna gun matar liman da allo kamar 'yar yaye. Ku in an kira ku gaban alƙali, abin da kuka gani ku faɗa, wanda ba ku gani ba ku ce ba ku sani ba. Kar ku karɓi ko goro.

Ran nan na haɗu da Kande a bakin rijiya. Na ɗauka zagi za ta yi. Sai ta ce, "Inna, sau nawa ya yi?" Na ce sau biyu. Ta ce, "Da ƙarfi?" Na ce, "Da ƙarfi, kamar ubansa." Ta ɗauki tulunta ta tafi.