Shafin Baduku a Littafin Coci

Ni ɗan kasuwar takalma ne, kuma gado na yi. Baba ya fi shekara arba'in yana sayar da takalma a Kano, ni kuma da na taso na ga ribar tana hannun masu sarowa daga China, sai na tattara na koma Guangzhou. Ina da ɗaki a Sanyuanli. Kullum da safe zan nufi manyan shagunan takalma na wajen Liuhua, kusa da tashar jirgin ƙasa, in zaɓi samfur, in yi ciniki, in sa a ɗaure kwalaye. Duk wanda muka yi hulɗa da shi ya san ni da gaggawa. Akwai wata mai shago da in ta hango ni sai ta fara cewa "meiyo, meiyo", wato babu, tun ban buɗe baki ba, don ta san cewa zan yi a ba ni kaya yau ɗin nan. Dariya nake yi in ta faɗa. Ban taɓa ɗaukar halin nan nawa aibi ba sai a kan maganar kakana.

Kakana baduku ne a wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Katsina, yana ɗinka takalman fata yana kaiwa kasuwar mako. Baba ne ɗansa na fari. Yana ɗan shekara bakwai ko takwas mahaifiyarsa ta rasu, sai kawunsa, wanda ya riga ya musulunta yana fatauci a Kano, ya zo ya ɗauke shi riƙo. A Kano Baba ya yi karatu, ya shiga kasuwa, ya yi aure, ya haife mu. Can ƙauye kuma kakana ya bi 'yan mishan, aka yi masa baftisma, ya sake aure, ya haifi wasu 'ya'yan. Ba wanda ya yi faɗa da wani, zumuncin ne kawai ya mutu a hankali.

Sau ɗaya tak Baba ya koma, yana saurayi. Ya ba ni labarin ya fi sau goma, kuma bai taɓa canza ko kalma ba. Ran kasuwa ya isa, ya tarar da tsohon a rumfarsa da basilla a hannu. Ya yi sallama ya durƙusa. Tsohon ya amsa bai ɗago ba, ya kalli ƙafafun Baba ya daɗe, sannan ya juya ya ce wa maƙwabcinsa, "A kawo wa baƙon nan ruwa." Baba ya zauna har la'asar, ba a kira sunansa ba, ba a ce masa ya kwana ba, sai ya tashi ya bi motar da ta kawo shi. In ya zo nan sai Mama ta ce, "Haba Malam, kai ma ka san kunyar ɗan fari. Wane uba ne na zamanin can zai kira sunan ɗansa na fari, balle a bainar jama'a?" Shi kuma ya ce, "Na sani. Amma kunya daban, mantuwa daban, kuma ni ban san wacce na gani ba."

Shekaru uku da suka wuce ciwo ya kwantar da Baba. Ina kiran gida bayan la'asar ɗin Guangzhou, lokacin hantsi ne a Kano, ya karya ya sha magani. Wata rana ya ce a ba shi wayar a fita. Ya ce wata mata Kirista da ke sayen takalma a shagonmu ta gaya masa cocin yankinsu na da tsofaffin littattafai, kowane magidanci da shafinsa, an rubuta matarsa da 'ya'yansa. Ya ce, "Kai ne mai boko. Ka nemo mini shafin mahaifina. Ba gona nake nema ba, ba gida ba. So nake in san ko ya ƙirga ni a cikin 'ya'yansa." Na ce an gama, Baba, kamar yadda nake ce wa masu sayen kaya. A raina kuma na ce tsufa ke nan, ga kwantena biyu a gabana ana maganar littafin coci.

Matar nan ta samo mini lambar dattijon da ke riƙe da littattafan. Mahaifinsa ne katikis ɗin ƙauyen a da, wato mai koyar da addini da rubuta abubuwan coci. Mutum ne mai haƙuri ƙwarai, haƙurin da har haushi yake ba ni. 'Yarsa ce ke ɗaukar hoton shafukan da wayarta ta turo mini, wani lokaci uku a rana, wani lokaci a yi kwana huɗu shiru don ba caji. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefensu, rubutun wani da Hausa wani da Turanci. Sunan da Baba ya san mahaifinsa da shi na Maguzanci ne, littafin kuwa da sunan baftisma yake tafiya, saboda haka na rasa ta inda zan kama. Dattijon ne ya ce in bar bin suna in bi sana'a, don akwai gurbin da ake rubuta aikin mutum. Manomi, manomi, maƙeri, manomi. A sati na uku, ina tsaye a layin biyan kuɗin mota, na ga an rubuta baduku.

Daga nan zare ya kamu. A littafin baftisma na ga ranar da aka yi masa, shi da wasu magidanta. A littafin aure na ga aurensa na biyu, har da sunan mahaifinsa, kuma an rubuta shi ma baduku ne. Na yi ta mamaki ni kaɗai a cikin jirgin ƙasa, wai ashe takalmin nan da nake kinkima daga China mu huɗu ke nan a jere muna cin abinci da shi. Na gaya wa Baba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce kakan nasa yana da tabo a babban yatsa, wuƙar fata ce ta yanke shi. Ranar na ji muryarsa ta dawo kamar ta da. Amma kafin mu yi sallama ya ce, "Saura shafin 'ya'yan."

Shafin ya zo ranar da nake lodi. Ina bakin sito a Liwan, ana zafi mai danshi irin na garin nan, direba yana ta nuna mini agogo, ga kwalaye sittin ba a kawo ba. Na buɗe hoton da hannu ɗaya. A sama sunan kakana da sana'arsa, ƙasa da shi matarsa, sai 'ya'ya an jera da lamba daga ɗaya zuwa bakwai. Layi na ɗaya lamba ce kawai, ba a rubuta komai a gabanta ba. Na ɗauka kuskuren marubuci ne, ko ya tsallake layi don tawada ta zuba. Na bi sauran shidan da ido ina neman sunan Baba, babu shi. Nan take na danna kira, don ina so in sauke nauyin in koma kan kayana.

Na ce, "Baba, shafin ya zo." Ya ce, "Karanta mini." Na karanta masa suna shida, ɗaya bayan ɗaya, maza huɗu mata biyu. Na ji numfashinsa a waya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ka duba da kyau?"

Wallahi har yau ina jin muryata yadda ta fita, da ɗan ƙosawa a cikinta. Na ce, "Na duba, Baba, ga shi a hannuna. Babu sunanka." Ina magana ina ɗaga wa direba hannu. Can Baba ya ce, "To, madalla. Allah ya yi maka albarka, ka sha wahala." Sai ya tambaye ni ko farashin takalman makaranta ya sauko, na ce ya ɗan sauko, muka yi sallama.

Bai cika sati uku ba ya rasu. Kafin in sami tikiti an yi masa sutura an kai shi. Da na isa Kano Mama ta ce tun daga ranar wayar nan bai ƙara ambaton ƙauyen ba, kuma abinci sai an matsa masa. Ba ta ɗora mini laifi ba, don ba ta san akwai laifin ɗorawa ba. Ni ma ban sani ba. Abin da na yi ta cewa masu ta'aziyya shi ne, kakan nan nawa bai kyauta ba, mutum ya haifi ɗa ya share shi a littafi. Na zage shi a raina ba sau ɗaya ba.

Bayan wata huɗu da komawata Guangzhou, ranar wata Juma'a, na je cin tuwo a wani gidan abinci na mutanenmu. Muka haɗa teburi da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sayen atamfa da shadda a kasuwar Canaan, dattijo ne sa'an Baba, ina ce masa Baba Alhaji. Ya yi mini gaisuwar rashi, hira ta ja hira, na ba shi labarin duka, har na ciro waya na nuna masa shafin don ya ga irin rashin kirkin. Ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo har miyarsa ta huce.

Ya ce, "Ɗana, mi ka gani ga wanga layi na farko?"

Na ce, "Ba komai. Tsallakewa aka yi."

Ya ce, "Mai tsallake layi ba ya sa mishi lamba. Dubi na huɗu da na shida, ka ga ɗan gicciye gefen sunan?" Na duba, akwai. Ya ce, "Waɗanga sun mutu suna ƙanana, shi ya sa aka yi musu alama. Na farko ba alama, ke nan yana da rai sa'ad da aka yi rubutun. An ƙirga shi, ba a faɗi sunanshi ba. Kai yanzu a tunaninka, Bahaushen ƙauye na wancan zamani zai zamna gaban malamin coci ya faɗi sunan ɗanshi na fari da bakinshi? Ni da kake gani, babban ɗana yana da jikoki, har yau ban taɓa kiran sunanshi ba."

Na cire hannuna daga kwano. Na san al'adar nan, tun ina yaro nake jin Mama tana faɗarta. Amma ni haifaffen birni ne, ɗana na fari da sunansa nake kiransa, har in ɗauke shi a kafaɗa mu shiga kasuwa. Suna aka ce in nemo, na nemi suna, ban same shi ba, na rufe magana. Baba Alhaji ya tambaye ni, "Ka faɗa ma tsohon akwai layin da aka bari?" Na ce a'a, daga na biyu na fara karantawa. Ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban gama tuwon ba. Na fito bakin titi, cikin ƙarar babura da masu tura kaya, na kira dattijon cocin. Na tambaye shi ko an saba barin layi haka. Ya ce in ba shi lokaci, ya je ya ɗauko littafin, ina jin yana buɗe shafuka. Ya ce a gidaje da yawa uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, sai mahaifinsa katikis ya ɗauko sunan daga littafin baftisma ya cike gurbin. Amma wannan yaron ba a yi masa baftisma ba, kuma ba ya garin, to ba inda za a ɗauko. Ya ce, "Kuma ka sani, a ƙa'ida wanda ba ɗan coci ba ba a ba shi layi a littafin nan ko kaɗan. Mahaifina ba ya wasa da ƙa'ida. In ka ga ya bar layi har ya sa lamba, to mai gidan ne ya kafe sai an bari."

Na tsaya jikin wani shago ina kuka, 'yan China na ratse ni suna wucewa. Kalma bakwai ko takwas ce ta rage in faɗa wa Baba, cewa akwai layi na ɗaya ba komai a kansa. Ba sai na fassara masa ba, shi da kansa zai gane kafin in rufe baki, don abin da ya shekara sittin yana jira ke nan. Layin yana hannuna, ina kallonsa, na tsallake shi saboda direba yana nuna mini agogo. Baba ya tafi kabarinsa da yaƙinin cewa mahaifinsa ya manta da shi, kuma ni na ba shi wannan yaƙinin.

Dattijon yana kan layi har lokacin, bai katse ba. Da ya ji na ɗan lafa sai ya ce, "Yaro, ga biro a hannuna. Gurbin yana nan. Faɗa mini sunan mahaifinka in rubuta masa."

Sunan nan kullum ina rubuta shi, yana fasfona, yana kan kowace takardar kaya da na taɓa sa wa hannu. Na buɗe baki ya ƙi fita. Na sake gwadawa, ya ƙi. Dattijon ya ce, "Ina jinka." Na ce masa ya rufe littafin, ya bar layin yadda kakana ya bar shi.