Motar da Ba Ta da Wurin Gwaggo

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da aka kai ƙanwata ɗakin mijinta. Shekaru sun ja, 'ya'yanta har sun shiga makaranta, amma duk lokacin da na tuna yinin nan sai in ji kamar in nutse a ƙasa don kunya.

A lokacin ina sana'ar motoci a Legas, sai wata jar mota ta faɗo hannuna daga Kwatano, irin ta tsere, mai ƙofa biyu, gajeruwa kamar ta kwanta rub da ciki. Na riƙe ta don kaina. Hotonta ya riga ni isa garinmu Bagudo, samari na ta tura wa juna a waya, ana cewa ɗan gidan wane ya gama da duniya. Abin da ba su sani ba, in na yi doguwar tafiya a cikinta sai bayana ya kwana yana ciwo. Man bakin titi ba ta sha, kuma ko ɗan tudun da ake yi a titi don rage gudu sai na karkace na hau shi a hankali ina salati. Da biki ya matso, a bayan babbar mota na ɗoro ta har kusa da gari, aka sauke ta a daji, sannan na shigo ina taka wuta kamar daga Legas na tuƙo ta.

Tun kafin in zo na aika gida cewa ni zan ɗauki amarya, kada a wahala neman wata mota. Mahaifiyarmu ta rasu tun ƙanwata tana goye, Gwaggo, yayar babanmu, ita ta raine ta. Gidan angon kuwa can gaba da Kaoje yake, wani ƙauye dab da iyakar Benin, kuma har can labari ya kai cewa amaryarsu za ta zo a motar da ba a taɓa gani ba.

Bayan la'asar aka fito da ita a lulluɓe tana kuka, Gwaggo na riƙe da hannunta. Mutane sun yi cincirindo, ni kuma na buɗe ƙofa ina ta washe baki. Gwaggo ta sunkuya ta leƙa ciki, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ina kujerun baya?"

"Gwaggo, ai ba ta da su. Mutum biyu take ɗauka."

"To ni ina zan zamna? Ɗiyar da na goya za ta tahi gidan miji ita kaɗai, awa wadda ba ta da kowa?"

Wallahi ko sau ɗaya wannan bai zo mini a rai ba. A garin nan na girma, na san ba a kai amarya sai da tsohuwa a gefenta, tana riƙe da ita har bakin gado, amma son a gan ni ya rufe mini ido. Na shiga kame-kame, na ce ai Gwaggo sai ta bi motar 'yan rakiya, alhali ina ganin motar ta cika maƙil da 'yan mata da kwanuka. Sai na ji muryar ƙanwata daga cikin mayafi, ƙasa-ƙasa.

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri. In ba da Gwaggo ba, ba ni tahiya."

Maƙwabcinmu ne ya cece mu, wani dattijo Ibo mai sayar da kayan babur, wanda ya daɗe a Bagudo har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya matso ya ce, "Alhaji, bari in kai su. Yarinyag ga gabana ta girma." Ya sauke kwalaye daga tsohuwar motarsa, mata suka shimfiɗa zannuwa a kujera, amarya ta shiga da Gwaggo da wasu tsofaffi biyu.

Na bi su a baya ni kaɗai. Wani kawunmu ya so ya raka ni, amma gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa, ya haƙura. Da muka wuce Kaoje muka bar kwalta, hanya ta ratsa gonakin shinkafa inda ruwan sama ya zaizaye ta. Tsohuwar motar nan ta wuce abinta tana tangaɗi. Tawa kuwa ta zauna daram a kan cikinta, tayoyi na juyawa a banza. Na bar ta wurin wasu manoma, na hau bayan babur, wandon shaddata duk taɓo.

Ko da na isa, an riga an shigar da amarya, an yi addu'a, an danƙa amana. Ni da na zo daga Legas don in tsaya mata, ko sallama ban samu yi da ita ba. Ina tsaye a ƙofar gida na ji wata mata daga dangin ango tana gaya wa 'yar'uwarta, "Wai yayanta ne ya hana ta shiga motarsa, kar lalle ya ɓata mishi kujera." In na ce ƙarya ne, sai in faɗi gaskiya, cewa motar da gari ya ɗauka tana iya komai ta kasa ɗaukar mata biyu. Har yau akwai masu ba da labarin haka a ƙauyen, kuma ƙanwata ta sha gori a kansa cikin dangin mijinta, ba ta taɓa faɗa mini ba sai daga bakin wasu na ji.

Ban daɗe ba na sayar da motar. Abin da na koya shi ne, kafin in yi sha'awar abu don mutane su kalle ni, in fara tambayar kaina wa zai amfana da shi a gidanmu. Masu kallo sun kalla sun watse, ƙanwata ce ta zauna da abin kunyar da na jawo mata.