Dogon da Ya Dawo Ba Gona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Sule makwancinsa, a ƙauyenmu da ke kusa da Bici. Har yau in na tuna ranar, makara ce ke fara zuwa mini. Ta yi masa gajarta, sai da aka ƙara katako. Allah Ya jiƙansa, ko a tafiyarsa ta ƙarshe sai da tsayin nan ya ba mu aiki.

Tsayin ne ya raba shi da gona. Wani mai horar da 'yan ƙwallon kwando ya hango shi a kasuwa yana sauke buhu daga kan mota ba tare da ya taka taya ba. Lokacin wani kamfanin man gyaɗa ya kafa ƙungiyar ƙwararru a Kano, mai albashi da motarta ta kanta. Aka yi wa Sule tayi ana gab da shuka.

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Damina za ka bari ka je jefa ƙwallo a kwandon da ba shi da gindi? To, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Kafin ruwa ya zauna ya ɗauki gayaunar Sule, 'yar gonar da ake yanka wa saurayi ya noma don kansa, ya ba ɗan ƙanensa da ya yi sabon aure. A wajenmu gona na jikin gona, ba a barin ko taku ɗaya ba shuka.

Ƙungiyar ta tashi kamar wutar kara. Shekarar farko ta kayar da manya, ta biyu ta kai wasan ƙarshe, muka cika shagon mai talabijin a Bici muna ihu. Ana kiran sunansa a Legas da Jos, mu a gida ba mai ɗaure mana dami. Inna kan ce ɗanta inuwar giginya ne, na nesa ka sha. A shekara ta uku kamfanin ya durƙushe. Aka tara 'yan wasa aka ce kowa ya kama gabansa.

Sule ya dawo da jaka ɗaya da gwiwa mai ciwo, ya tarar an gina ɗakuna a gayaunarsa. Mutumin da muka kalla a talabijin ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Maƙeri ya yi masa fartanya mai doguwar ƙota don bayansa. 'Yan tsokana su ce, "Dogo, jefa mana ɗaya mana!" Ya yi dariya ya ci gaba da noma. Ni kuwa raina ne ke ɓaci. Sau ɗaya tak ya buɗe mini cikinsa, muna hutawa a gindin ɗorawa: "Habu, ba rushewar ƙungiya ce ta karya ni ba. Dama ƙwallo ba ta dawwama. Rashin inda zan dawo ne." Ya riga Baba rasuwa, don haka ko gadon gona bai bar wa ɗansa ba.

Ɗan nasa Auwalu a gidana ya tashi, kuma daga gonata na yanka masa gayauna. Yanzu sai ya sunkuya yake shiga zaure. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: wata ƙungiya a birni ta neme shi bana, ita ma ana gab da shuka. 'Ya'yana sun fara zagaya gayaunar suna auna ta da ido, kuma ban ga laifinsu ba, gonar ta yi mana kaɗan.

Na daɗe ina tambayar kaina me Yaya Sule zai ce. Ba na jin zai hana yaron, domin ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Ba na kuma jin zai ruɗe shi da cewa ƙungiyoyin yau sun fi nasu ƙwari. Babu kofi ko riga da suka rage mana daga gare shi. Abin da ya rage shi ne maganar nan tasa, kuma ita ta yi mini jagora.

Da Auwalu ya durƙusa ya ce, "Baffa, in ka ce kada in je, na fasa," sai na kira 'ya'yana su ma su ji.

Na ce, "Tashi ka je. Gayaunarka ni zan noma ta da hannuna, geronta a rumbunsa daban. Ran da suka sallame ka, ko da tsakiyar damina ne, akwai inda za ka dawo."