Hasken da Ya Ƙi Gyaruwa

A tashar jirgin ƙasa, Noelene tana satar kallon mutumin da ke gefenta. Rana ta ƙona masa wuya, ga gashin doki a rigarsa, ga kwamfuta bisa cinya. Manomi ne mai son hoto, a ganinta. Hotunan gonarsa na jiya ya jera, daga la'asar zuwa duhu, suna gudu kamar fim. Da magariba ta kawo, sai wani jan haske ya riƙa ƙyaftawa bayan tsauni. Yana ragewa, yana dawowa.

"Kyamarar ce take maka tsiya, ɗan'uwa?"

"Allah ya sa ita ce," in ji shi.

Iskar arewa tana kaɗowa da zafi, har da ƙaurin gobarar daji. Ya kira gida. Wayar tana ta ƙara, ba mai ɗauka.