Malam Sama'ilu Roni da Muryar Ɗakin Mamaci

Ranar Asabar, talatin ga Nuwamban 2024, Malam Sama'ilu Roni ya rufe shagonsa da ke bayan tashar mota a Kazaure, bayan shekara ashirin da ɗaya yana gyara. Da rediyo ya fara, ya koma kan wayar hannu, ya ƙare da kwamfuta. Rawar hannu ce ta sa shi ajiye aiki. A tsawon shekarun nan, kullum da hantsi zai share ƙofar shago da kansa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, kuma ba ya kwance ƙusa ko ɗaya sai mai kaya ya gama ba shi labarin yadda abin ya lalace. Masu gaggawa sun sha yi masa ƙorafi a kan haka.

Ayyukansa suna da yawa, amma guda ɗaya ya isa shaida.

A daminar 2019 Allah ya yi wa Alhaji Kashim rasuwa a Babura. Ya bar matarsa Fanna da 'ya'ya uku, da ƙanensa Malam Dunoma, makaho, malamin makarantar sakandare, wanda kwamfutarsa ke karanta masa duk abin da ya rubuta. Wani ɗan'uwansu da ya zo ta'aziyya daga Kano ya ga kwamfutar ta yi nauyi, ya sauya mata babbar manhaja a turakar mamacin, don a nan wutar sola take. Da aka watse, aka kulle turakar har sai an zo rabon gado. Tun ranar kwamfutar ba ta sake cewa uffan ba.

Fanna tana takaba, ɗakinta bango ɗaya ne da turakar. Bayan azahar, idan gida ya yi tsit, sai ta ji murya ta cikin bangon. Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, ba ta hawa ba ta sauka, ba ta tsayawa jan numfashi. Da fari haruffa take kira ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ta koma magana, da wata irin Hausa karkatacciya, amma sunaye suna fita sarai.

"Kashim. Fanna ba ta cin abinci. Yaran sun rame."

Sai ta ƙwalla salati, gida ya taru, har Malam Dunoma ya taso daga shagonsa na kusa da zaure yana laluben bango. A kasa kunne, ba a jin komai.

"Yaya Fanna," in ji shi, "ni da nake jin tafiyar ƙadangare a kan katanga, da akwai murya ai da na ji."

Aka yi rubutun sha, aka yi hayaƙi, muryar ba ta daina ba. Hajiya Zulaikha, babbar yayar mamacin, ta yanke cewa hankalin Fanna ya taɓu, ranar Lahadi za a mayar da ita wurin danginta a Nguru, yaran kuma su zauna.

Ana saura kwana biyu Malam Dunoma ya kawo kwamfutar Kazaure. Shi Babarbare ne, Malam Sama'ilu Bafulatani, don haka da tsiya suka gaisa.

"Bawana, ka kashe ta da surutu ko?"

"Kai dai gyara, ɗan nagge. In ka kasa, na kai wa masu ilimi."

Gyaran ba mai wuya ba ne. Sabuwar manhajar ba ta gane lasifikar cikin kwamfutar ba, tana buƙatar abin da masu sana'ar ke kira direba. Amma Malam Sama'ilu ya ga wani abu a allon: an haɗa kwamfutar da wata rediyo ta bulutut, wato ba tare da waya ba, kuma can take tura sautinta duk lokacin da ta kusance ta. Ya janye hannunsa, ya daina wasa.

"Malam, na'urarka ba bebiya ba ce. Tana magana, a wani wuri dai take yi. Me kake rubutawa a cikinta?"

Malam Dunoma ya ce, "Tun da ta yi shiru, sai nake rubuta wa Yaya Kashim labarin gida. Na ɗauka ba mai ji."

"A gidanku akwai wanda yake jin abin da wasu ba sa ji?"

Sandar makahon ta faɗi ƙasa. Ya ba shi labarin Fanna.

A nan ne, Malam Sama'ilu, ka yi abin da ya sa ake wannan rubutu. Da ka gyara ta a teburinka, da muryar ta ɗauke har abada, da Fanna ta tafi Nguru da sunan mahaukaciya, ba ta da abin da za ta nuna. Kai ne ka rufe kwamfutar ba gyara, ka kulle shago ranar da ciniki ya fi yawa, ka bi shi Babura a cikin ruwa. Mai kunnen haƙuri, wanda ba ya raina maganar kowa.

Bai shiga cikin gida ba, saboda matar tana takaba. Ya zauna a shagon Malam Dunoma, ya roƙi Hajiya Zulaikha ta shiga ɗakin Fanna da dattawa biyu, su jingina da bango.

"Yaro, wasa za ka yi da mu a gidan makoki?"

"Hajiya, ki yi mini wannan alfarma. Kome kuka ji, kada kowa ya taso."

Ya ce wa Malam Dunoma ya rubuta. Waɗanda suke ɗakin sun shaida cewa ruwa na ɗiga daga indararo, sai bangon ya ce, da muryar nan marar numfashi: "Zulaikha. Kina ji."

Ɗaya daga cikin dattawan ya fita a guje, ya bar takalminsa a ɗakin. Hajiya Zulaikha kuwa ba ta motsa ba, ta riƙe hannun Fanna. Da aka buɗe turakar, ga rigunan mamacin a rataye, ga rediyonsa a kan kanta, manne da bango, jone da sola, ƙaramar fitilarta shuɗiya tana ƙiftawa. Duk lokacin da Fanna ta yi ihu, mai rubutun ne yake tasowa, muryar ta tsaya.

Sai a lokacin Malam Sama'ilu ya raba kwamfutar da rediyon, ya sa direban, kwamfutar ta yi magana a cinyar mai ita. Malam Dunoma ya sa aka kai shi ƙofar ɗakin Fanna, ya durƙusa. "Yaya Fanna, ki yafe mini." Daga ciki ta ce, "Ni dai na gode Allah da kuka ji."

Mun gode, Malam Sama'ilu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannunka lafiya. Matasan da suka gaji sana'ar daga Gwiwa zuwa Yankwashi, ku koyi tambayar mai kaya kafin ku taɓa kayansa.

Fanna ta cika takabarta a ɗakinta. Tana Babura har yau tare da 'ya'yanta, babbar cikinsu tana karatun aikin jinya.