Ranar da Doreen Ta Yaye Zanen Zumunta

Duk matar da ta taɓa kwanciya a ɗakin mata na asibitin nan da ke bakin garin Kafanchan ta san Sista Doreen Levi da hali guda. Ba ta gaisuwa da baki kawai. Sai ta kama wuyan hannunki, ta aza yatsu uku, idonta a kan ɗan agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta, sannan ta tambaye ki kwana. Ƙananan nas-nas suna yi mata dariya a bayan ido, wai ko mai doya ta tarar a kasuwa sai ta ƙirga mata bugun jini kafin ta taya. Tana jin su, amma ba ta fasawa. Tsoro ne ya koya mata wannan gaisuwa, kuma shekara goma sha tara ke nan bai sake ta ba.

A Nok aka haife ta, gidan manoman citta. Tana da shekara shida uwarta ta rasu, sai yayar babanta, Mama Clara, ta ɗauko ta zuwa Kafanchan ta riƙe ta kamar ita ta haifa. Mama Clara mace ce mai kirki da zafin rai, kuma a gidanta akwai dokar da ba a taɓawa: in an rufe ido don addu'a, ba mai motsi sai an ce Amin. Wata safiya akuya ta shigo tsakar gida ta cinye rabin accar da aka shanya, kowa yana jin taunarta, ba wanda ya ɗaga kai. Doreen ta buɗe ido ɗaya a ranar, ta kuwa sha jan kunne. Da wannan tarbiyya ta girma, da ita ta gama makarantar koyon aikin jinya.

A shekararta ta farko a aiki, a ɗakin maza aka sa ta. Akwai wani tsohon malamin firamare daga wajen Kagarko, Baba Bartholomew, da aka yi wa aiki a ciki. Dattawan majami'arsu suka zo duba shi, suka kewaye gadon suka fara addu'a. Lokacin awon jininsa ya yi, Doreen ta zo da abin awo a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai tana jiran Amin. Minti ashirin da wani abu ta yi a tsaye. Da suka buɗe ido, Baba ba ya amsa sunansa. Jini ne yake zuba a cikin cikinsa tun ɗazu, ya rasu kafin a kai shi ƙofar tiyata. Ba wanda ya ɗora mata laifi. Likitan ya ce kawai da an gani da wuri, sai ya ci gaba da rubutu. Wannan maganar da bai ƙarasa ba ita Doreen take ta ƙarasawa a ranta har yau.

Ranar da mutane suka fi tunawa da ita wata Lahadi ce cikin damina. A gado na huɗu akwai Milka Zamani, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, mai ƙarfin jiki, wadda aka cire wa mahaifa ranar Asabar saboda ƙari. An bar mata siririyar roba a gefen ciki mai fitar da ruwan ciwo zuwa wata leda da aka rataya a ƙarfen gado. Da safe bugun jininta tamanin da huɗu ne, tana ta tsokanar maƙwabciyarta cewa ita ko an yanka ta ta fi ta kyau. Da ƙarfe goma sha biyu Doreen ta sake kama hannunta: casa'in da takwas. Awon jini bai sauka ba, ledar ma ba abin tashin hankali a cikinta. Amma Milka ta roƙi ruwa har sau uku, tsokanar kuma ta ragu. Doreen ta rubuta a kati, ta ce wa kanta bayan rabin awa za ta dawo.

Kafin rabin awar ta cika aka tashi daga sujada a majami'a, matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'ar su Milka, suka iso. Su goma sha ɗaya ne, duk cikin zane iri ɗaya, Mama Clara a gaba, don ita ce shugabarsu shekara da shekaru. Al'adarsu ce in ɗayarsu tana kwance su zo da zanen zumunta su lulluɓe ta daga ƙirji zuwa ƙafa, alamar cewa ba ita kaɗai take jinya ba, kuma ba a yaye shi sai an shafa addu'a. Suka shimfiɗa wa Milka zanen, ya sauko gefen gadon har ya kusa taɓa ƙasa. Hannuwanta suka shige ciki, ledar ma ta ɓace. Suka yi waƙa ɗaya a hankali, sannan Mama Clara ta ce a rufe ido.

Doreen ta dawo daga ba wata allura, ta sami kanta a bakin ƙofa da abin awo a hannu. Ƙafarta ta tsaya da kanta. Wuri iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya, sai dai wannan karon muryar da ke addu'ar ita ce muryar da ta rene ta. Ta san addu'ar Mama Clara. Za ta fara da mara lafiya, ta bi ta kan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta je gona, ta je ƙasa da shugabanni, kafin ta dawo. Ba ta kai ga 'ya'yan ba ma tukuna.

Fuskar Milka kaɗai Doreen take iya gani ta tsakanin kafaɗun matan. An yi ruwa da hantsi, ɗakin da sanyi, amma gumi ya tsattsafo mata a goshi. Leɓɓanta sun yi fari-fari kamar ta lashi toka. Ta yi hamma, ta sake yin wata. Matar da ke riƙe da kan Milka ta leƙa da gefen ido ta yi murmushi, ta raɗa wa ta kusa da ita cewa salama ta sauko mata, barci zai ɗauke ta.

Doreen ta san waɗannan alamun. Ta ce wa kanta wataƙila allurar ciwo ce take sa ta hamma. Wataƙila in ta kutsa ta yaye zanen ba za ta ga komai ba, ta tozarta Mama a gaban matan da take shugabanta, a kuma yi ta maganar a majami'a har Kirsimeti. Ta duba agogon ƙirjinta. Minti huɗu ta riga ta yi a tsaye.

Ta ajiye abin awon a kan teburi, ta ratsa tsakanin mata biyu. Ɗaya ta riƙe mata riga, ta fizge. Ta cusa hannu ƙarƙashin zanen ta lalubo wuyan hannun Milka. Sanyi ƙalau, jiƙe da gumi, bugun kuma siriri kamar zare, yana gudu har ƙirga shi ya yi wuya. Ta kama bakin zanen ta yaye shi gaba ɗaya.

Muryar Mama Clara ta yanke. Ta buɗe ido ta ce, "Doreen. A gidan wa kika koyi wannan?"

"Mama, ki yi haƙuri. Dubi ledar."

Ledar ta cika ta yi tim da jini baƙi-baƙi, robar ma ja ce har bakin ciki. Cikin Milka ya kumbura ya yi tauri. Wata daga cikin matan ta ce Yesu, ta dafe bango.

Daga nan Doreen ba ta ƙara kallon kowa ba. Ta ƙwala wa Bridget kira, abokiyar aikinta ta ranar, ta ce ta buga wa Dokta Simon waya ta faɗa masa lambobin yadda suke: tamanin da huɗu, casa'in da takwas, yanzu ɗari da talatin, leda cike da jini. Ta sa aka ɗaga ƙafar gadon, ta buɗe ƙarin ruwan da aka ɗaura wa Milka har ƙarshe, ta shiga neman wata jijiya a ɗaya hannun. Jijiyoyin sun lafe. Ta soka ta rasa, ta sake sokawa ta rasa, sai a karo na uku jini ya leƙo a allurar. Milka ta buɗe ido da ƙyar ta ce a ba ta ruwa. Doreen ta ce mata a'a, Anti, ba yanzu ba, ta jiƙa auduga ta shafa mata a leɓe.

Dokta Simon yana cin abincin rana a gida aka same shi. Ya iso a bayan babur da rigar sujada a jikinsa, ya taɓa cikin sau ɗaya ya ce a wuce tiyata. Sai ga wata matsala: jini irin na Milka leda ɗaya ce kacal a asibitin, shi kuma yana son uku. Doreen ta fito baranda inda matan suka yi cirko-cirko, ta faɗa musu. Ta yi tsammanin Mama Clara ba za ta ko dube ta ba. Ba ta dube ta ba kuwa. Matan ta juya ta kalla, ta ce duk wadda ba ta kai sittin ba ta bi wannan yarinyar a gwada ta. Wata ta ce ita tana tsoron allura.

"Haihuwa bakwai kika yi, Martina. Wuce."

Biyu daga cikinsu jininsu ya dace.

Awa biyu da rabi ƙofar tiyata tana rufe. Doreen ta koma ɗakin mata, don akwai sauran gadaje goma sha uku, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kama hannu. Duk ƙarar da ta ji daga baranda sai ta waiga ta dubi ƙofa. Abin da ke cin ranta ba yaye zanen ba ne. Minti huɗun nan ne da ta tsaya, da kuma casa'in da takwas ɗin da ta gani tun sha biyu ba ta kira likita ba. In Milka ba ta fito ba, ta san da abin da za ta zauna sauran rayuwarta.

La'asar ta yi sanyi aka turo gadon. Dokta Simon ya ce wata jijiya ce ɗaurinta ya kwance, ya ɗaure ta, amma kada kowa ya saki jiki sai an ga kwana biyu. Doreen ta kama hannun. Ɗari da goma, da ɗan ɗumi.

Kwana tara Milka ta yi kafin a sallame ta. Tun a rana ta biyar ta koma tsokanar maƙwabciyarta, tana cewa yanzu jinin Martina ne a jikinta, shi ya sa ta fara tsoron allura.

Mama Clara ba ta taɓa ta da maganar ba, ba ta ce an yi daidai ba, ba ta ce an yi kuskure ba. Lahadin da ta biyo baya matan zumuntar suka sake zuwa. Suka shimfiɗa zanen kamar kullum, sai Mama Clara ta sunkuya da kanta ta naɗe gefensa, ta zaro hannun Milka ta aza a sama, sannan ta matsa ta bar wurin mutum ɗaya a gefen gado. Doreen ta shiga wurin ta aza yatsunta uku. Aka ce a rufe ido. Kowa ya rufe, ita kuwa nata yana kan agogo har aka ce Amin.